Yallaɓai Hannu-Goma da Katin Jarrabawar Auta

A duk ginin nan mai hawa huɗu, ba a taɓa yin mutumin da ya san darajar lokaci kamar Shugaban Sashen Tsare-tsare ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ya faɗa a gaban shaidu ya fi sau ɗari. Sauran mutane Allah ya ba su hannu biyu suna ta fama da aiki ɗaya. Shi kuwa da hannu biyun nan yake tafiyar da aiki biyar, har ya samu sararin yi wa na kusa da shi gyara. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Hannu-Goma. Ranar da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya dai ce a ganinsa goma ta yi kaɗan, amma ba komai, iya abin da suka hango ke nan.

Kada a tambaye ni yadda aka yi na san abin da ke cikin zuciyar bawan Allahn nan. Mutane na cewa muna kama. Tsayinmu ɗaya, sanƙonmu ɗaya, lambar takalminmu ɗaya, kuma ba a taɓa ganinmu tare a ɗaki ɗaya ba. Ni dai labari aka ce in bayar.

Asalin ɗaukakar tasa wata kwamfutar hannu ce, mai faɗin nan da ake kira tabilet, wadda ofis ya raba wa shugabannin sassa. Sauran shugabannin suka kai nasu gida, jikoki suna ta wasa da su. Shi kuwa wata rana yatsansa ya zame bisa kuskure, sai ga fuskar na'urar ta rabu gida biyu: wasiƙu a hagu, labarai a dama, ga wani siririn layi a tsakiya da ake ja a faɗaɗa wannan a matse wancan. Daga baya ya gano ana iya ɗora wata 'yar taga ta uku tana yawo a sama, kuma ana iya danne hoto da yatsa a jawo shi daga wannan ɓangare a saki a wancan. Tun daga ranar bai ƙara zama mutum irin kowa ba. Zamewar yatsan kuwa, a bakinsa ta koma "binciken da na gudanar".

"Abokan aiki," in ji shi a taron safiyar Litinin, yana ɗaga tabilet ɗin sama kamar wanda ya ciwo kofi, "zamanin yin abu ɗaya a lokaci ɗaya ya wuce. Duk wanda ya zauna yana karanta wasiƙa, wasiƙar kawai, to ɓarawon lokaci ne. Ni da kuke gani, yanzu haka ina yi muku magana, ina amsa wa Darakta, ina duba jadawalin wata mai zuwa, kuma ina sane da wancan na baya da ke hamma. Ku raba fuskar na'urarku, ku raba tunaninku, ku ga ikon Allah."

Aka tafa masa sosai, domin shi ke sa hannu a takardar hutu.

Mutum ɗaya ce ta san abin da wannan baiwa take jawowa, ita ce sakatariyarsa, wata dattijuwa da ta ga shugabanni shida sun zo sun wuce. Ita ta janye ta'aziyyar da ya aika wa wanda aka ƙara wa girma, ita kuma ta je da ƙafarta ta ba da haƙuri a gidan makokin da ya aika wa murna. Ba ta taɓa kai masa ƙorafi ba. Shi kuma da ya ga ba wanda ya taɓa ƙorafi, sai ya ƙara tabbatar wa kansa cewa aikinsa ba shi da makusa.

A gida sunansa daban ne. Can Ina-Jin-Ki ake ce masa, amma sai ya ba da baya. In an zauna cin abinci, tabilet na jingine da kwalbar ruwa, cokali a hannun dama, yatsan hagu na ta kai-komo. Duk abin da matarsa ta faɗa, amsa ɗaya ce. Wata rana ta gwada shi, ta ce, "Baban Auta, na sayar da motarka, na kuma ba maƙwabta gadonmu." Ya ce, "Madalla, ina jin ki, a ci gaba da haka." Ta dube shi, ta dubi Auta, suka ci gaba da cin abincinsu.

Akwai kuma maganar tabarau. Shekara biyu ke nan da likitan ido ya rubuta masa na karatu, an yanka, an kawo, yana nan kwance a aljihun mota. Ya ce yana sa shi kama da wanda ya yi ritaya. To ga shi in an raba fuskar tabilet biyu, komai sai ya koma rabin girmansa. Saboda haka Yallaɓai yakan miƙar da hannu can nesa, ya ƙanƙance ido, ya cinki abin da ke rubuce. Rabin da ya gani ya karanta, rabin da bai gani ba ya cike da gogewa.

Auta ita kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta uku duk sun kama gabansu. Shekararta goma sha tara. Bara ta so ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon ayyukan lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti har ranar ta wuce. Jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara, ba a yi wa kowa ta daban. Ƙawayenta suka tafi suka bar ta. Ita kuwa ta shekara cur a kan teburin cin abinci da littattafanta, har gefen teburin ya yi duhu inda take dafa gwiwar hannu. Ba ta da yawan magana, amma kowa a gidan ya san ba abin da take so a duniya kamar ta ga kanta a cikin ɗakin jarrabawar nan bana.

Rajista ta intanet ake yi, kuma ranar Lahadi da ƙarfe biyar na yamma za a rufe. Auta ta so ta je shagon kwamfuta tun ranar Laraba a cike mata. Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, a karon farko cikin watanni ya ɗago kai gaba ɗaya.

"Shagon kwamfuta? A gidan da nake? Ni da nake koya wa mutum tamanin yadda ake aiki da na'ura, 'yata ce za ta je ta bi layi a gaban wani mai shago? Me za a ce da ni? Kawo takardunki, aikin minti uku ne."

Minti ukun nan bai samu ba ranar Laraba, bai samu ba ranar Alhamis, Juma'a da Asabar ma suka bi sahu. Dalili kuwa mai ƙarfi ne. A makon ne wata ƙungiyar masana tsare-tsare ta aiko masa da albishir cewa shi ne Gwarzon Shekara, kuma ana so ya tura hotonsa da tarihinsa don a buga a littafin taro. Wanda ya tsayar da shi takara mutum ne da ya san shi ciki da waje, kuma lambar takalminsu ɗaya. Kwana huɗu Yallaɓai yana gyaran tarihin nan. An ce kada ya wuce kalma ɗari biyu, shi kuma ya rasa wace ɗari takwas zai yanke.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu da rabi, Auta ta zo ta tsaya a kansa a falo da takardunta a rungume.

"Baba, saura rabin awa."

"Rabin awa ai shekara ce a wurina. Zauna ki ga aiki."

Ya raba fuskar tabilet biyu. Fom ɗin Auta a hagu, fom ɗin Gwarzon Shekara a dama. Ya ɗora 'yar taga a sama inda ake buga ƙwallo, don kada ƙwaƙwalwa ta yi zaman banza. Auta na karanto masa bayananta yana bugawa, tana cewa "Baba, ba haka ba ne" yana gogewa, tsakanin nan kuma yana leƙawa dama ya ƙara wa tarihinsa gishiri. A gaskiya, in za a yi adalci, abin ya yi kyan kallo. Yatsu na tashi suna sauka, kai na juyawa hagu da dama kamar na mai shirin tsallaka titi.

Aka zo wurin hoto. Kowane fom na son nasa. Ya buɗe ma'ajiyar hotuna, ta fito 'yar mitsitsiya a ƙasa, ga hotuna biyu a jere, kowanne da farin bango a baya, kowanne bai fi ƙwayar wake ba a idon mutumin da tabaransa ke mota.

"Yanzu ki buɗe ido, wannan ba kowa ya iya ba," in ji shi. "Mutumin da bai waye ba sai ya yi ta shiga yana fita. Ni kuwa ja ɗaya, saki ɗaya."

Ya danne na farko ya ja shi hagu ya saki. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, Darakta ne, ya maƙale ta da kafaɗa yana "ranka ya daɗe". A 'yar taga aka zura ƙwallo a raga. Ya danne na biyu ya ja shi dama ya saki. Wani jan rubutu ya fito a hagu yana cewa a duba sosai, domin ba a gyara bayan an tura.

"Baba, bari in duba," in ji Auta, tana miƙo wuya.

Ya toshe bakin wayar da tafin hannu, ya dube ta da mamaki na gaske. "Ki duba aikin wa?"

Ya danna hagu, ya danna dama. Fom biyu suka tafi a cikin daƙiƙa ɗaya. Ya daɗe yana jin daɗin wannan, har washegari ya ba da labarin a taron safe.

Makonni suka wuce. Katin shiga jarrabawa ya fito ranar Alhamis, jarrabawar kuma Asabar da ƙarfe tara na safe. Bikin ba da lambar yabo shi ma Asabar ɗin ne, da ƙarfe goma, a can ɗaya gefen gari. Matarsa ta nuna damuwa. Shi kuwa murna ya yi, ya ce rana ce da aka yanka daidai jikinsa: ya sauke Auta, ya wuce ya karɓi lambarsa, ya dawo ya ɗauke ta. Katin ma shi ya ce zai sa a buga a ofis, a takarda mai kauri.

Sakatariya ta buga. Ta ɗauki takardar daga bakin inji, ta duba, ta cire tabaranta ta goge, ta sake dubawa. Ta shiga ofishinsa.

"Yallaɓai, akwai matsala a katin nan."

"Ina jin ki."

"Hotonka ne a jiki."

"Madalla. Ya fito da kyau?" Idonsa na hagu yana kan wasiƙa, na dama yana kan jawabin godiyar da zai yi ranar Asabar.

"Yallaɓai, katin Auta nake nufi. Ka ɗan duba mana."

"Na gani, na gani. Sa a ambulan ki liƙe, kada ya yi datti."

Ta miƙa masa takardar har kusa da hancinsa. Ya kauce, don ta tare masa rabin jawabi. Sai aka kira shi sama wurin Darakta, ya fizgi takardar ya cusa a ambulan ya liƙe bai duba ba, daga can ya wuce duba wani aiki a waje, ranar Juma'a kuma bai shigo ofis ba sam. Sau huɗu ta kira shi, sau huɗu yana katsewa da saƙon nan nasa na kullum mai cewa yana tsakiyar ayyuka. Ta rubuta masa, ya aiko mata da hoton babban yatsa. Ambulan ɗin kuma ya kwana biyu a mota, kusa da tabarau. Duk lokacin da Auta ta tambaya sai ya ce yana wuri mai tsaro.

Safiyar Asabar Yallaɓai ya fito cikin sabuwar kwat, ƙamshi na tashi, takalmi na ɗaukar ido. Suka isa makarantar da ake jarrabawar da ƙarfe takwas da rabi. Layi ya miƙe daga ƙofa har bakin titi. A bakin ƙofar akwai tebur, a bayansa wata jami'a ce zaune, mace mai matsakaicin shekaru, da biro ɗaya da rajista ɗaya. Sai ta karɓi kati, ta dubi hoto, ta dubi fuska, ta sa alama, sannan ta ce na gaba. Yallaɓai ya hango ta daga mota ya girgiza kai don tausayi. Ya ce irin waɗannan ne suka hana duniya ci gaba.

Ya miƙa wa Auta ambulan ta taga, ya yi mata addu'a rabi, ya sa giya. Bai kai ga juya kan motar ba ya ji an buga gilashi. Auta ce. Katin kawai ta manna a jikin gilashin. Ya miƙar da wuya baya, ya ƙanƙance ido, abin ya ƙi. A ƙarshe dai ya buɗe aljihun mota ya ciro tabarau.

Ga sunan Auta, ga lambarta, ga ɗakin da za ta zauna. A sama daga dama kuma ga wani dattijo mai sanƙo da gashin baki, ya ɗaga haɓa, ya haɗa gira, yana kallon nesa irin kallon masu hangen gobe. Hoto ne mai kyau, sau goma sha ɗaya aka ɗauka kafin a samu wannan.

Amma ba a san shi da nuna gazawa ba. Ya fito ya gyara kwat, ya ɗauki tabilet, ya ja Auta suka wuce layi zuwa teburin.

"Malama, barka da aiki. Ni ne Shugaban Sashen Tsare-tsare na..."

"Ku bi layi."

Suka bi layi. Minti goma sha biyar ya tafi a nan. Da suka iso, jami'ar ta karɓi katin, ta dubi hoton, ta dubi Auta, ta dubi Yallaɓai, ta sake duban hoton.

"To, Malam, kai kam ka yi daidai da katinka. Ɗaki na shida. Ka zo da fensir?"

Na baya suka kwashe da dariya. Auta ta sunkuyar da kai. Yallaɓai ya fara bayani a kan yadda na'urorin zamani kan samu tangarɗa, sai ga kira ya shigo ta tabilet. Sakatariya ce daga zauren biki. Ya amsa, ya tura ta gefen dama, ya buɗe fom ɗin Auta a hagu don ya nuna hujja.

"Yallaɓai," in ji sakatariya, muryarta na fita kowa na ji, "an raba littafin taro. Ga shafinka." Ta ɗaga shi gaban kyamara. Ga Auta nan da ɗan murmushinta na kunya, a ƙarƙashinta an rubuta Gwarzon Shekara, wanda ya shafe shekara ashirin da bakwai yana bauta wa jama'a. "Darakta na tambaya ko kana hanya. Kai ne na uku da za a kira."

"Ina hanya, ina hanya. Malama, ci gaba, ina jin ki."

Jami'ar ba ta ci gaba ba. Ta ajiye biro, ta harɗe hannu, ta zuba masa ido. Ya yi magana da dama, ya juyo hagu, ya ga har yanzu shiru.

"Na ce ina jin ki."

"In ka gama, ni ma sai in fara."

Ba a taɓa yi masa haka ba. Ya duba agogo, saura minti tara. Ya kashe kiran.

"Kife ta," in ji jami'ar. Ya kife tabilet ɗin a kan tebur. Hannuwansa suka rasa inda za su, ya sa su a aljihu, ya fitar, ya haɗa su a gaba kamar ɗan makaranta.

"Kai ne mahaifinta, kai ka cike fom ɗin?"

"Ni ne."

"Wane wata aka haife ta?"

Ya faɗa da ƙarfin gwiwa. Auta ta ce a hankali, "Baba, wannan na Yaya ne."

"Wane fanni ta nema?"

"Likita mana. Kowa ya san 'yata likita za ta zama."

Jami'ar ta dubi katin. "A nan an rubuta gwajin jini da sauran aikin ɗakin gwaje-gwaje."

Ya juya ya dubi Auta kamar ita ta yi kuskuren. Ta ce, "Na faɗa maka, Baba. Sau uku. Da hannunka ma ka zaɓa, ina karanto maka."

Kunya ta rufe shi tun daga sanƙo har takalmi. Na san ta rufe shi, domin har yau in an tuna wurin nan sai kunnuwana su yi zafi.

Jami'ar ta nemi katin tsohuwar makarantar Auta da takardar haihuwarta, Auta ta ciro su daga jaka, don ita ba ta fita sai ta duba kayanta sau biyu. Matar ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Sannan ta ce akwai hanya guda. Za a bar yarinya ta rubuta bisa sharaɗi. Wanda ya yi kuskuren zai rubuta takarda da hannunsa ya amsa laifinsa, kuma zai zauna a cikin harabar har a tashi, lokacin da babban mai sa ido zai zo ya gan shi da yarinyar tare ya sa hannu. In ya zo bai same shi ba, takardar amsarta ba za a duba ta ba. Waya da duk wata na'ura kuwa a bakin ƙofa ake barin su.

"Ƙarfe nawa ake tashi?"

"Sha biyu."

Yallaɓai ya yi murmushin wanda ya saba warware matsala. "Malama, ai abin mai sauƙi ne. Zamani ya kawo mafita. In bar miki wayata a nan a kunne, ni kuma in tafi da tabilet. In mai sa idon ya zo sai ki kira, ya gan ni ido da ido. Ina can, ina nan. Ba wanda ya rasa komai."

"Mutum aka ce ya zauna, Malam. Ba a ce rabinsa ba."

Saura minti biyar. An shigar da na bayansu, layi ya ƙare, masu gadi sun fara jan ƙofa. Can ɗaya gefen gari akwai kujera a sahun gaba da aka manna wa muƙaminsa, akwai jawabi mai shafi huɗu da ya haddace rabi, akwai Darakta. Zan so in ce bai yi tunanin komai ba ya zaɓi 'yarsa nan take. Ƙarya ne. Ya yi tunani, har ya auna nisan hanya, ya lissafa ko za a iya zuwa a dawo in ba cunkoso.

Auta ta ga lissafin a fuskarsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi ba. Ta fara mayar da takardunta cikin jaka.

"Baba, ka tafi taronka kada ka makara. Baɗi ma akwai wata."

Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Yadda ta faɗe shi ba fushi, kamar wadda dama ba ta sa ran wani abu daban ba, shi ya karya shi. Ya ɗauki tabilet da waya ya miƙa wa mai gadi, aka jefa su a kwali tare da wayoyin yara, aka ba shi 'yar takarda mai lamba. Ya karɓi biron jami'ar, ya duƙa a kan tebur ya fara rubutu. Hannun ya manta da biro, rubutun ya fito a karkace.

Ta karanta. "Ka rubuta matsalar na'ura."

"Ai kusan haka ne."

"Na'urar ce ta sa yatsa ta ja hoton?"

Ya soke. Ya rubuta yawan ayyuka.

"Wa ya ɗora maka su a lokacin?"

Ya sake sokewa. Ya tsaya, biro a sama, saura minti biyu. Sannan Shugaban Sashen Tsare-tsare, Gwarzon Shekara, ya rubuta kalma uku: ban duba ba. Ya sa hannu. Jami'ar ta buga hatimi, ta ce wa Auta ta ruga.

Auta ta zaro fensir da biro, ta juyo ta miƙa masa jakarta, wata 'yar jaka ruwan hoda mai hoton fure.

"Ba a shiga da ita. Riƙe min, Baba. Takarduna na asali duk suna ciki. Ita kaɗai za ka riƙe, ka ji?"

Ta ruga, aka rufe ƙofar ɗaki na shida a bayanta.

Aka nuna masa wani benci a ƙarƙashin rumfa. Ya zauna da sabuwar kwat ɗinsa da tabarau a hanci da jaka ruwan hoda a kan cinya. Minti goma na farko yatsunsa suka yi ta motsi su kaɗai a kan jakar, suna neman layin da za su ja. Ƙarfe goma ta buga, ya san an fara. Goma da rabi, ya san an kira na uku, kuma zaure ya buɗe littafi yana neman yarinyar da ta fara aiki shekara takwas kafin a haife ta. Ya so ya tashi ya ɗan zaga, ya tuna mai sa ido na iya zuwa kowane lokaci, ya koma ya zauna. Ba abin karantawa, ba wanda zai yi wa jawabi. Ƙofa ɗaya ce a gabansa, ita ya yi ta kallo, yana addu'a, wannan karon cikakkiya. Ko da gumi ya gangaro masa ta bayan kunne bai saki jakar ya share ba.

Ƙarfe sha biyu aka tashi. Mai sa ido ya zo, ya dubi kati, ya dubi uba, ya dubi 'ya, ya karanta kalma ukun nan, ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa, ya sa hannu.

Auta ta karɓi jakarta. A gabansa ta zuge ta, ta ciro takardun ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta duba aljihun gefe, ta juya jakar ta duba ƙasanta. Shi kuwa yana tsaye yana jiran sakamako, zuciyarsa na bugawa fiye da ta waɗanda suka fito daga ɗakin. Ta rufe jakar, ta rataya, ta ɗago ta dube shi da mamakin da ba na wasa ba.

"Komai na nan," in ji ta. "Ka gani, Baba? Ashe ka iya."